Waɗanda suka fita daga haya a Sakkwato, ku faɗa mana yadda kuka tara

Malamin Sakandare, Gidan Igwai:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata tara ina haya, ciki biyu da falo, ni da maiɗakina da yara uku. Bana mai gida ya aiko yaronsa cewa haya ta ƙaru, kuma ban ga laifinsa ba, kasuwar da nake zuwa ita yake zuwa. Damuwata daban ce. Tun 2021 nake cire wani abu duk wata ina zubawa a asusun da ko katinsa ban karɓa ba, da niyyar in ya taru in ba da kafin alƙalami na fili wajen Dambuwa ko Kwannawa. Kuɗin suna ƙaruwa a takarda, amma duk zuwan da zan yi wurin dillali sai in tarar filin ya ƙara gaba ya bar ni. Don Allah kada a yi mani wa'azin tattali, wannan na sha shi. Wanda ya riga mu fita ya faɗi abin da ya yi da hannunsa, da inda ƙafarsa ta zame.

Dattijon Kanwuri:
Wa alaikumus salam. Malam, kuskurenka guda na: kuɗɗi kaka ajewa. Kuɗɗin zamanin ga awa ƙanƙara suke cikin watan Afrilu, kana riƙe da su suna ɗiga. Ni sadda nis sayi hilina ga Mabera daji na, 'yan uwa suna ta dariya wai za ni zamna da kuraye. Sai da anka shekara huɗu ban aza ko bulo guda ba. Abin da niy yi, albashi na shigowa in tahi wurin mai buga bulo in biya na ɗari, shi rubuta ga littahi, in rubuta ga nawa. Da sunka kai dubu biyu munka ja katanga da ɗaki biyu, munka tare ba silin ba filasta, ƙohwar zaure ko langa-langa ce. Yau ɗiyana ba su yarda in na ce masu haka gidan ga ya faro.

Birkila, Runjin Sambo:
Baba ya faɗi gaskiya, amma a ƙara da wannan, don aikina ne. Bulo yana jira, rodi yana jira in an ɗaga shi daga ƙasa an rufe shi, kwano ma haka. Siminti ba ya jira. Na ga wanda ya sayi buhu sittin ya jibge a shago tun kafin damina, yana murna ya riga tashin farashi. Da muka zo aiki bayan wata bakwai rabinsu sun zama dutse, sai da guduma. In ka wuce wata uku da siminti a ajiye, ƙarfinsa ya fara tafiya. Kuma bulon da za ka bari wurin mai bugawa, ka bar shi wurin wanda ka san gidansu, ba wanda ka san shagonsa kawai ba. Ina da maƙwabci da mai bulonsa ya tashi dare ɗaya, har yau littafin na hannunsa.

Maman Hanan, Arkilla:
Ni adashe ne ya yi mani, kuma sai da na sha wuya na gane sirrinsa. Mu goma ne a wurin aiki, zubin dubu hamsin duk wata. Zagayen farko, saboda kunya da kara, na ce a bar ni a ƙarshe, wai in kwasa a dunƙule ba sauran zubi a kaina. Wannan zagayen ya faro tsakiyar 2023, bayan cire tallafin mai, ya ƙare farkon 2024, daidai lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000, alhali sadda muka fara bai wuce wajen dubu biyar ba. Ga kamfanin siminti nan Kalambaina, tireloli na wuce mu kullum, amma farashi na ƙasa ne gaba ɗaya. Wadda ta yi kwasar farko ta sayi kaya kusan ninki biyu na abin da dubu ɗari biyar ɗina suka saya. Kuɗi ɗaya muka zuba fa.

Zagaye na biyu na cire kunya, na je har gida wurin uwar adashe na ce in dai gini za a yi da kuɗin, a duba masu gini a sa su gaba, masu biki su biyo baya. An yi 'yar ƙura, daga baya aka koma ƙuri'a, na fito ta uku.

Sauran cikon kuma zinarina ne, sarƙa da 'yan kunne na lefe. Shi kaɗai ne cikin abin da na mallaka da ya yi tsere da tsadar nan bai faɗi ba. Amma 'yan uwana mata, ga inda nake so ku saurara. Ranar rubuta takarda, maigidana, mutumin kirki ne wallahi, ya ce ai duk ɗaya ne, a sa sunansa. Na ce Abban Hanan, yau duk ɗaya ne, ranar rabon gado ba ɗaya ba ne. Aka rubuta sunayenmu biyu da kason kowa, gaban shaidu. Ya yi kwana biyu yana cin tuwo ba magana, ya huce.

Ɗan Wurno:
Hajiya kin burge ni. Ni da albasa nit tara nawa. Lokacin da anka cire ta, rani, tana arha, sai in saye in zuba ga rudu, in jira har ƙarshen damina sadda ta yi wuya. Shekarar farko ribar ta biya rabin hili ga More. Shekara ta biyu nig ga ai na gane hanya, nis sa duka har da na maiɗakina. Zahi da laima sunka shiga rudun, muna buɗewa wari ya kore mu. Abin da munka tsinta bai kai uwar kuɗɗi ba. Wanda bai san albasa ba kar ya ji labarin shekarar farko ya ruga. Yanzu raguna nika turkewa, huɗu ko biyar, watanni kahin Layya in kai Kara. Ribar ba ta kai ta albasa ba, dusa da kowa, wato harawa, sun yi tsada, amma ina kwana da barcina.

Ma'aikacin Tarayya, Bado:
Tunda kafin alƙalami aka ce, bari in kawo ɓangaren da mutanenmu ba su cika dubawa ba. Duk ma'aikacin da ke ganin an cire masa NHF a takardar albashi, kashi 2.5 cikin 100 ne, asusun gidaje na ƙasa da aka kafa da dokar 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke riƙe da shi. Wanda ya yi wata shida yana zubi ya cancanci neman lamuni, ruwansa kashi 6 cikin 100 a shekara, biya har zuwa shekara 30 gwargwadon abin da ya rage maka na aiki. Ba kai tsaye ake zuwa ba, ta hannun bankin lamunin gidaje mai lasisi ake bi. Sannan tun Satumban 2022 hukumar fansho, PenCom, ta fitar da ƙa'idar da ta ba mai asusun fansho damar amfani da har kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki a matsayin kasonsa na sayen gida, in ya yi wata 60 ana zuba masa.

Inda ni na makale laifina ne. Gidan da na samu a cikin gari, mai shi ba shi da komai sai takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu tun zamanin mahaifinsa. Mai ba da lamuni kuwa takardar mallaka ta gwamnati yake nema, wadda gwamna ke bayarwa a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978. Wata biyar na ɓata ina ciniki kafin in tambayi takarda. Ku fara da tambayar takarda kafin ku tambayi farashi.

Almajirin Malam, Ƙofar Rini:
Yallabai, kashi 6 ɗin nan fa sunansa ruwa, ko an ce kaɗan ne. Da yawanmu abin da ya hana mu ke nan, ba rashin sani ba.

Ma'aikacin Tarayya, Bado:
Ban musa ba Malam, shi ya sa na faɗi adadin a fili, kowa ya kai wa malaminsa. Akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz tun 2012 yake aiki, wasu sun biyo baya. Su sayen gidan suke yi su sayar maka da riba sananniya, ko su ba ka haya har ka mallaka. Sai dai su ma za su nemi kasonka na farko da takarda mai kyau, kuma ka zauna da biro ka lissafa jimillar abin da za ka biya, kada sunan kawai ya ɗauke ka.

Almajirin Malam, Ƙofar Rini:
To madalla. Tunda an zo nan, Malam mai tambaya, kuɗin da kake tarawa tun 2021, in sun kai nisabi, kimar zinari giram 85, kuma shekara ta zagayo a kansu, akwai zakka, ɗaya bisa arba'in, ko da niyyar gida ka ajiye su. Hukumar zakka da waƙafi ta jiha tana sanar da nisabi, ka duba. Filin da ka saya don ka zauna kuwa babu zakka a kansa.

Wanda Aka Cuta Sau Ɗaya:
Ku bar ni da wannan sunan. Shekara shida ina tarawa, ina sayar da kayan gyaran babur. Wani dillali da muke sallah sahu ɗaya ya kai ni wani fili a bayan gari, awon igiya, ƙafa 50 da 100, ya ce na marayu ne ana sauri za a raba masu kuɗi. Saurin nan shi ya ci ni. Na biya, na ba da la'ada, aka ba ni takarda da sa hannun mutum biyu. Na kai yashi tifa ɗaya ke nan sai ga wata mata da 'ya'yanta, ashe gonar gado ce ba a raba ba, wanda ya sayar mani ɗaya ne cikin magada tara. Shekara biyu muna zarya tsakanin gidan uban ƙasa da kotu. A ƙarshe an mayar mani da kuɗina, a guntu-guntu, adadin da na biya cif. Sai dai kuɗin da suka sayi fuloti a lokacin, ranar da suka dawo ko rabi ba su saye.

Na sake saye bara. Wannan karon sai da na zauna da maƙwabtan filin ta gabas da yamma ba tare da dillali ba, na tambayi mai unguwa, na je ma'aikatar filaye aka duba ko wurin yana cikin shatar gwamnati ko hanya za ta bi ta kai, na ce kowane magaji ya zo da kansa, mata ma a ji ta bakinsu. Mai filin har ya ji haushi, ya ce ko aure zan nema. Na ce na aure ai ana saki.

Maman Hanan, Arkilla:
Allah ya mayar da alheri. A ƙara da zuwa ganin fili a watan Agusta, bayan an sha ruwa mai ƙarfi. Da rani kowane fili tudu ne a bakin dillali. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, sadda ruwa ya cinye gadar hanyar jami'ar Ɗanfodiyo ɗalibai suka koma shiga kwalekwale, ba a yi masu dogon bayani kan filin da ke kusa da fadama.

Ɗan Kabu-kabu, Gidan Dare:
Ni dai ba ni da albashi balle a cire mani wani abu. Dubu ɗaya nika ba mai shagon unguwarmu kullum da dare, shina rubutawa. Sau biyu tana taruwa tana watsewa. Na farko Inna ta kwanta asibiti, nik kwashe duka, kuma ko yau aka sake haka zan yi. Na biyu kam bakina ya ja mani, nif faɗa ma abokai ina tari, kahin wata guda kowa ya zo da matsalarshi, wanga haihuwa, wanga mashin ya lalace, kuma ba ka iya cewa babu ga wanda ya san akwai. Yanzu ko matata adadin ba ta sani ba, ta dai san ana yi. Hilin nan da nis samu rabin fuloti na, mu biyu munka raba da wani abokin sana'a, kowa da takardarshi. Mutane na cewa ya yi ƙanƙane. Ɗakin da nike haya ai bai kai shi ba.

Dattijon Kanwuri:
Yaro, Allah shi yi ma albarka don abin da kay yi ma mahaihiyarka. Rabin fuloti gida na. Ka dai ja katanga da wuri, ko layi uku na bulo, hilin da ba katanga kowa na ganin hanya ce.

Malamin Sakandare, Gidan Igwai:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Na karanta har sau biyu. Jiya Asabar na koma Kwannawa, ba tare da dillalin farko ba. Abin da ke hannuna ba zai sayi fuloti cikakke ba, amma zai sayi rabi har ya bar na katanga, kuma akwai wani malami a makarantarmu da ke son ɗaya rabin. Mun ce ba za mu ba da ko sisi ba sai mun je ma'aikatar filaye, sai kuma an yi ruwan Agusta mun koma mun gani. Maganar zakka kuma zan zauna da limaminmu da lissafin a hannu.

Maman Hanan, ke kuma kin ja mani. Na bar wayar a kan tabarma na fita sallar isha'i, na dawo na tarar maiɗakina ta karanta naki tun daga farko. Ta shiga ɗaki ta fito da 'yan kunnenta a ƙulle cikin hankici, ta nuna mani, ta mayar, ta ce sai ta ga layin da za a rubuta sunanta.

Wanda ke zaune wajen Kwannawa ya taimaka mani da abu ɗaya: rijiya tana samun ruwa a can, ko sai mun haɗa kuɗin burtsatse da maƙwabta?