Nauyin ledojin garin kununa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ku ba ni shawara

Mai Garin Kunu, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da 'yar ƙaramar masana'anta a nan Garwa, muna haɗa garin kunun yara na gero da waken suya da gyaɗa, muna zubawa a leda mai giram 500. Wani babban kanti da ke karɓar kayanmu ya fara ɗora ledojin a sikeli, ya ce ya ga mai 491, ya ga mai 515, kuma in haka ta ci gaba zai daina karɓa. Yaron da ke kula da injin zubawa yana iya ƙoƙarinsa. Da ya auna leda ya ga ta gaza sai ya murɗa injin sama, in ta wuce ya dawo da shi ƙasa, haka yake wuni. Abin sai ƙara taɓarɓarewa yake. Ɗan yayata da ke karatu a ENSAI, makarantar injiniyoyin sarrafa kayan noma ta Ngaundere, ya ce akwai jadawalin da masana'antu ke sa ido da shi a kan inganci. Don Allah wanda ya sani ya yi min bayani. Ko dai sabon inji zan nema?

Injiniya, Ngaundere:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki taɓa kuɗinki tukuna. Abu na farko, ki ce wa yaron ya ɗauke hannunsa daga injin. Babu injin da ke zuba leda biyu daidai da daidai, kullum akwai ɗan sama da ƙasa wanda halinsa ne. In ana murɗawa saboda leda ɗaya, ana ɗora sabon bambanci ne a kan na asali. Kamar mai miya ce da ke ƙara gishiri ta ɗanɗana, ta ƙara ruwa ta ɗanɗana, har tukunya ta lalace.

Jadawalin da ɗanki ya faɗa, Walter Shewhart ne ya fito da shi a Amurka a 1924, yana aiki a ɓangaren kamfanin tarho na Bell. Aikinsa ya raba miki abu biyu: bambancin da ke cikin jinin aikin, da wanda wani dalili na musamman ya kawo. Na biyun kaɗai ake tashi a bi sawunsa.

Ga yadda za ki yi. Kowace awa a ɗauki leda 5 da suka fito a jere, a auna, a rubuta. A fitar da matsakaicinsu, sannan tazararsu, wato mafi nauyi a cire mafi sauƙi. A tara irin wannan rukuni 20 zuwa 25 ba tare da an taɓa injin ba. Daga nan sai ki fitar da matsakaicin dukkan matsakaitan, shi ne layin tsakiya, ki fitar da matsakaicin tazara. A ce tsakiya ya fito 503, tazara 10. Ga rukuni mai leda 5, ana ninka tazarar da 0.577, ya ba da 5.8. A ƙara shi a kan tsakiya, layin sama ya zama 508.8, a cire shi, na ƙasa ya zama 497.2. Ita ma tazarar tana da nata jadawali, layinta na sama ki ninka da 2.114, wato kusan 21. Takarda mai gida-gida da biro sun isa. Kowace awa a sa ɗigo ɗaya na matsakaicin leda 5 ɗin. Muddin ɗigon na yawo tsakanin layukan, a bar inji ya yi aikinsa.

Alhaji Mai Man Gyaɗa, Marwa:
Hajiya, ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. Ki saita injin a 520, kowace leda ta haye 500, mai kanti ya yi shiru. Ciko ai albarka ne a kasuwanci.

Malamar Lissafi, Njamena:
Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma a lissafa cikon nan. Daga 503 zuwa 520, ƙarin giram 17 a leda dubu kilo 17 ne na gari, kullum, ga tsadar waken suya. Kuma bai hana ledojin bambanta ba, an dai rufe matsalar da kuɗi.

Yaya Hajiya, akwai inda mutane da yawa ke ruɗewa, ina so ki riƙe shi da kyau. Layukan jadawali daban, sharaɗin mai kanti daban. Layukan daga injinki suka fito, kuma na matsakaicin leda 5 ne, ba na leda ɗaya ba. Mu koma misalin Injiniya. In kin raba tazara 10 da 2.326 za ki sami kusan 4.3, shi ne abin da ake kira sigma, ma'aunin warwatsuwar ledoji ɗaiɗai. Kusan dukkansu za su faɗo cikin sigma uku sama da ƙasa, wato daga 490 zuwa 516. Kin ga kusan alƙaluman da mai kanti ya gani ke nan. Ma'ana jadawali zai iya nuna komai lafiya, alhali kusan leda ɗaya cikin huɗu ba ta kai 500 ba. Abincin yara ne, uwa ta biya kuɗin 500, haƙƙinta ne ta samu. To in haka ta fito, murɗa ba za ta yi magani ba, sai an rage warwatsuwar kanta, sannan a ɗaga tsakiyar daidai gwargwado, da lissafi. Game da rangwamen da doka ta yarda da shi a nauyin kayan leda, ki tuntuɓi ANOR, hukumar ƙa'idoji da inganci ta Kamaru.

Mai Gyaran Inji, Kusiri:
Hajiya, in injinki irin mai dunƙulen ƙarfe ne da ke juyawa yana turo gari, to cika yake aunawa, ba nauyi ba. Garin hunturu busasshe da na watan Agusta mai laima ba sa zuba iri ɗaya. Haka in mazubin sama ya cika maƙil, garin na danne kansa ya fi nauyi, in ya kusa ƙarewa ledoji su yi sauƙi. Niƙa ma in ta yi laushi yau ta yi tsaki gobe, sai kin gani a sikeli. Ga ƙarfin wuta da ke hawa da sauka, ga lokacin da aka koma janareta. Ki sa yaron ya riƙa rubuta waɗannan a gefen takardar: sabon buhu, ƙarfe nawa aka cika mazubi, yaushe wuta ta ɗauke. Ranar da ɗigo ya tsallake layi, a nan za ki ga dalili. Sau da yawa riƙe garin mazubi a tsayi ɗaya kawai na rage rabin ciwon kai, ba a sayi komai ba.

Mai Garin Kunu, Garwa:
Allah ya saka da alheri. Mai Gyaran Inji, injin irin wanda ka faɗa ne. Injiniya, sai ɗigo ya fita layi kaɗai za mu tsaya? Kuma sikelinmu giram biyar-biyar yake nunawa, zai yi?

Injiniya, Ngaundere:
Ba zai yi ba Hajiya, ki nemi mai nuna giram ɗaya-ɗaya, in ba haka ba tazarar za ta yi ta fitowa 0, 5 ko 10, jadawalin ya makance. Ki ajiye wani ƙarfe da kika san nauyinsa, kowace safiya a gwada sikelin da shi.

Ban da fita layi, ki lura da ɗigo 8 a jere duk a gefe ɗaya na layin tsakiya, ko 6 da ke ta hawa ko ta sauka. Alama ce wani abu ya gusa ko yana cinyewa. Ki fara duba jadawalin tazara kafin na matsakaici, don in tazara ba ta zauna ba, layukan ɗayan ba abin dogaro ba ne. Kuma kada a riƙa sake lissafin layukan kowane mako, sai an yi wani gyara na gaske a aikin. In kun tara rukuni 25 ɗin, ki ɗauki hoton takardar ki turo nan, ni da Malama mu duba lissafin tare.