Neman kalmar Hausa: me za mu kira "risafta" na ƙwayar halitta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirya bayani kan tsutsar ciki domin ɗaliban kiwon lafiya, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro: risafta ("receptor" a Turance), wato sashen ƙwayar halitta da ke gane sinadarin da ya taɓa shi, ya kai mata labari. Tun kusan 1900 Bajamushe Paul Ehrlich ya shigo da ita kimiyya, mu kuwa har yau kowa da yadda yake faɗa. Da aka tattauna batun a nan, wani Malam ya ba da shawarar a ce "makarɓi", wata Hajiya kuma ta yi tsokaci kan tawa shawarar.

Bari in fara da aikinsa, don ba a raɗa suna sai an ga jariri. A bangon hanji akwai wasu ƙwayoyin halitta 'yan kaɗan masu tukku a ka. A 2016 masu bincike suka gano a jikin ɓeraye cewa su ne 'yan tsaron hanji. Idan tsutsa ta shigo, sai su saki sinadarin IL-25, shi ya tayar da ƙwayoyin garkuwar jiki, su kuma su saki wani sinadarin, IL-13. Daga nan yauƙi ya yawaita, hanji ya riƙa murɗawa, a turo baƙuwar waje. A 2018 aka gano ɗaya daga cikin risaftocinsu, mai ɗanɗanar saksinet, sinadarin da wasu ƙananan halittu masu zama a hanji ke fitarwa. Wato hanji ma yana da ɗanɗano, ikon Allah.

Malam, na ga shawararka ta "makarɓi", kuma da farko ni ma ita na rubuta. Abin da ya sa na janye shi ne, a hanjin nan akwai masu karɓa na gaske, waɗanda ke ɗaukar sukari da gishiri su shigar da su ciki. Albarkacinsu ne ruwan gishiri da sukari ke ceto yaro mai gudawa. Su suka fi cancantar sunan. Risafta kuwa ba lallai ya haɗiye komai ba. Abu ya taɓa shi daga waje, shi kuma ya kai labari cikin gida.

"Eriya" da wani ƙanena ya kawo ta yi kusa, amma aro ce, kuma hankalin mai karatu rediyo zai tafi.

Ni dai "majiyi" nake gani, jam'i "majiyai", kamar mabuɗi da mabuɗai. Duba yadda Bahaushe ke amfani da "ji": ya ji magana, ya ji wari, ya ji ɗaci, ya ji zafi, ya ji Larabci. Fi'ili ɗaya ya haɗa ganewa da amsawa. Wanda ya ji kira, ai tashi yake.

Hajiya ta ce za a rikita da "majiya" ta 'yan jarida. Gaskiyarki Hajiya, shi ya sa a farkon rubutu zan cika shi: majiyin ƙwayar halitta.

Ga inda na gwada kalmar ta riƙe. A tsargiyar hanji, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da na noman rani, ƙwan tsutsar kan maƙale a bangon hanji da hanta. IL-13 ɗin nan da ke korar tsutsa, idan ya yi yawa, shi ne ke sa kumburin ya zama tabo, naman ya taurare. Sai jiki ya tanadi wani risafta da ke cafke IL-13 ya riƙe, bai kai labari ko'ina. Ɓerayen da aka cire musu shi tabon hantarsu ya fi muni. Da "makarɓi" ban san yadda zan bambanta su ba, don dukkansu sun karɓa. Da "majiyi" kuwa, wannan "kurman majiyi" ne, kuma ɗalibi zai gane nan take.

Malaman Hausa da ke nan, ku duba mini ginin kalmar da jam'inta. Idan babu gyara, ita zan saka a darasin ranar Litinin.