Jini ko Dabara? Musayar Baiti Daga Zazzau

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum. Jiya a aji aka tayar da batun ko al'ada ta tsere wa sauyin halittar ɗan Adam. Ga nawa, mai amsa ya amsa.

Jiki na tafe da sanda yana hutawa,
Dabara ta hau babur tana ta wucewa.
Agana ta ci kakanninmu ba ƙirgawa,
Lamba a damtse ta kore ta, ba gadon jurewa,
A 1980 aka yi shelar ƙarewa.

Baba na Ƙofar Doka:
Sannu ɗana, sauko ka huta da tafiya.
Bafillace zai sha ɗanyar madara ya kwana lafiya,
Ni kofi guda, cikina na ƙugi har safiya.
Shekaru dubbai kakanninsa na tatsar saniya,
Har cikinsu bai manta nono bayan yaye ba, gaskiya.
Kiwo ya ja akala, jini ya biyo baya.

Kindirmo dai ba ya damuna, tsamin ya rage sukarin madarar da ke sa cikin ƙugi. Kada wani ya raba ni da furata.

'Yar Tudun Wada:
Baba, ka ambaci saniya, ka bar sauro da jini.
Mai jinin AS, da ya gaji sikila ta ɓangare ɗaya, zazzaɓin sauro bai cika yi masa tsanani,
Shi ya sa sikila ta zauna mana tun wani zamani.
AS da AS, kowane ciki ɗaya bisa huɗu ne SS, mai ciwon sikila, za a gani.
Daren jiya na riƙe yaro, ido rawaya, ƙashi na ciwo, yana kiran magani.
Yanzu kafin a kai goro, sai an kai takardar gwajin jini.

Ɗan Samaru:
Yaya, kin miƙo mini makami ba ki sani ba,
Takarda ke zaɓen ango yau, ba sauro ba!

'Yar Tudun Wada:
Ƙanena, yi a hankali, ba ka ci gari ba.
Ina kulorokwin mai sa ƙaiƙayi, ba ka sha ba?
Ƙwayar cutar ta sauya, yau bai cika kama ta ba,
Sauron ma ya saba da feshi, bai gudu ba,
Takardar kuwa ba kowane ƙauye ta kai ba.

Baba na Ƙofar Doka:
Ɗana, babur ɗin nan naka ya sha faci,
'Yata ta sace iskar, ya tsaya a kan titi.
An kira Magariba, ni na yi masallaci,
Ka shirya amsa, bayan Isha'i ina nan da baiti.