Zuwa makaranta a ƙafa ko a keke: abin da iyaye da malamai suka ce

Iyaye da malamai sun tattauna kan ko yara su riƙa zuwa makaranta a ƙafa ko a keke. Zancen ya taso ne daga ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020, wadda ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 60 a kullum. Tafiyar minti 15 zuwa makaranta da 15 dawowa, in da ɗan sauri, ta cinye rabin wannan, ba tare da an biya kuɗin adaidaita sahu ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne hanya. Iyaye da yawa sun ce titi suke tsoro, kuma suna da gaskiya, domin haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Shawarar da ta fi karɓuwa: yaran unguwa su tafi rukuni guda, kamar yadda ƴan firamare da yawa ke yi a Japan, sannan a haɗa su da babba ɗaya ya bi su. Inda babu gefen masu ƙafa, su bi ɓangaren da suke fuskantar motoci. Lungu mai ɗan zagaye ya fi babban titi.

Mai keke kuma, a duba birki da iskar taya, a saya masa hular kwano, kar a lafta masa jaka a wuya, a ɗaure ta a kariya.

Lokacin zafi a ba su gorar ruwa. An kuma ja kunne game da ƴan mata, waɗanda galibi su ake fara hanawa fita, alhali su suka fi ƙarancin motsa jiki.