Abin da 'yan uwa suka ce kan Janar Eisenhower

Jama'a, ga abin da na tsinto daga muhawararmu, saboda ɗalibin da ya nemi shawarar yadda zai rubuta tarihin wannan shugaban Amurka.

1. Baki ya zo ɗaya cewa kada ya fara daga fadar shugaban ƙasa. Ya faro daga garin Abilin na jihar Kansas inda ya tashi, da kammala makarantar soja a 1915. Bai taka fagen daga ba a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

2. An fi daɗewa kan 6 ga Yunin 1944, ranar da dakarun ƙawance, waɗanda shi ne babban kwamandansu, suka sauka gaɓar Nomandi a Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin harin, ya rubuta 'yar takarda ya adana a jikinsa, cewa in an sha kashi laifin nasa ne shi kaɗai. Ni ma wannan ya fi taɓa ni.

3. Mulkinsa, 1953 zuwa 1961: tsagaita wuta a Koriya, gina manyan hanyoyi, da tura soja su raka ɗalibai baƙar fata tara zuwa makarantar farar fata da aka hana su shiga a 1957.

4. A nan kai ya rabu. Wasu na yaba yadda ya matsa wa Ingila da Faransa da Isra'ila lamba suka janye daga Masar bayan harin 1956. Wasu suka ce kada a ɓoye hannun gwamnatinsa a kifar da Musaddik, Firayim Ministan Iran, a 1953, da maƙarƙashiyar da aka ƙulla wa Lumumba, Firayim Ministan Kwango.