Neman kalma: me za mu kira "detailing" na masu haɗa ƙananan jiragen roba?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Wata kalma ce ta gagare ni, na ce bari in kawo ta gaban manya. Ina haɗa ƙananan jiragen sama na roba, irin waɗanda ake sayarwa a kwali gunduwa-gunduwa, mutum ya yanko, ya manna, ya yi fenti. Airfix na Ingila da Tamiya da Hasegawa na Japan suna cikin kamfanonin da suka yi suna a harkar. Kowane kwali da ma'auninsa a rubuce: 1/72, 1/48, 1/32. Abin da 1/72 ke nufi shi ne inci ɗaya a jikin samfurin ƙafa shida ne a jikin jirgin gaske. Jirgin yaƙin nan Spitfire, wanda faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 11, a wannan ma'auni bai kai santimita 16 ba.

Manna abin da ya zo a kwali ba shi da wuyar suna, "haɗi" ya isa. Amma akwai mataki na gaba da Turawa ke kira detailing, in abin ya yi nisa su ce superdetailing. Mutum ya ɗauko hotunan jirgin gaske ya dinga gwadawa, duk abin da injin zubin roba na kamfani ya kasa fitarwa shi ya yi da hannunsa: ɗamarar kujerar matuƙi, wayoyin fulogi, bututun birki da ke bin ƙafar taya, ramin bakin bindiga. Ina son in riƙa bayanin wannan aiki da Hausa, amma duk sanda na zo kan kalmar sai in tsinci kaina ina zagaye-zagaye.

Wani tela daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Yaro, ai wannan ba abin wahala ba ne. Mu in an gama haɗa babbar riga, abin da ake zauna a yi mata da allura da zare, aska biyu ne ko aska takwas, "aiki" muke ce masa. Ka ji an ce riga ta sha aiki, to an gama magana. Kai ma ka ce jirginka ya sha aiki.

Mai gyaran rediyo:
Baba, a gafarce ni, a bakinku ne "ya sha aiki" yabo ne. Ka shigo layinmu ka ce inji ya sha aiki, ba mai taya shi, don an ɗauka ya gaji ke nan ko an buɗe shi ya fi a ƙirga. Jirgi kuwa ɓangarenmu ya fi kusa da shi.

Malamar Hausa:
Kafin mu fara jefo kalmomi, ina son mai tambaya ya fayyace mana abu ɗaya. Wannan aikin don kyau ake yin sa, ko don kamanni? In don kyau ne, muna da ado da kwalliya da ƙawatawa, sai wanda ka zaɓa.

Mai tambaya:
Malama, don kamanni ne tsantsa. In ka ƙara wa jirgin abin da babu shi a na gaske, komai kyansa, masu harkar kuskure za su kira shi. Akwai ƙungiyarsu, IPMS, da aka kafa a Birtaniya a 1963, tana babban baje koli duk watan Nuwamba a garin Telford, har da gasa. A cikinsu akwai masu tsananin bin diddigi da ake tsokana da laƙabin masu ƙirga ƙusa. Injin Merlin na Spitfire silinda 12 gare shi, kowace da fulogi biyu, wato wayoyi 24. Wanda ya buɗe murfin injin ya sa waya 12 kawai, to bai gama ba. Wanda ya sa 30 don abin ya cika ido, ya ɓata.

Malamar Hausa:
To ado da kwalliya sun faɗi. Ina da wata da nake ganin ta fi su: "zayyana". Tana da fuska biyu, kuma duka sun dace. Magini yana yi wa bangon soro zayyana, sannan mai ba da labari yana zayyana abin da ya faru, wato ya kawo shi dalla-dalla bai tsallake komai ba. Kalmar Turancin ma ai kusan haka take.

Mai gyaran rediyo:
Ni kuma da "ciko" na so in ce. Abu ya zo da giɓi, ka cike.

Mai tambaya:
Oga, ciko yana da mai shi tuni. In an manna ɓari biyu na gangar jikin jirgi, tsaga takan rage a tsakani, sai a shafa wani ƙullu irin na masu gyaran jikin mota, ya bushe, a goge. Wannan shi ne ciko, kuma ko wanda bai damu da ƙananan abubuwa ba sai ya yi shi.

Sannan ga abin da ya sa nake gudun duk kalmar da ke nufin ƙari kawai: kusan rabin aikin ragi ne. Injin zubi ba ya iya fitar da roba siririya ƙwarai, don narkakkar robar ba za ta ratsa mazubin ba, ko kuma ta karye wajen cirewa. Sai ka ga murfin ramin taya ya zo da kaurin milimita 1. Ka ninka sau 72, ya zama jirgin gaske yana yawo da murfi mai kaurin santimita 7 da ɗoriya, alhali falle ne na ƙarfe. Dole ka kwantar da shi ka yi ta kankara ta ciki da bakin wuƙa har haske ya fara ratsa shi. Bututun hayaƙi kuma a toshe yake zuwa, dunƙulen roba ne kawai. Sai ka fara ɗiga masa alama da tsinin allura a tsakiya, ka kawo ɗan tsinken huji mai kaurin milimita 0.3, ka riƙa murza shi da yatsu biyu a hankali, kana hure garin robar. In hannunka ya karkace kaɗan, tsinken ya karye a ciki ko ya ɓullo ta gefe. A nan ba ka ƙara komai ba, cirewa ka yi, amma a nan ne jirgin ke fara kama da jirgi.

Wani tela daga Zariya:
Af, to ka faɗi kalmar da bakinka ba ka sani ba. Mu ma in ɗinki ya zauna yadda ake so, cewa muke "ya fita". In yaro ya zana mutum aka gane ko wane ne, sai a ce ya fidda kamarsa. Abin da kake yi ke nan: fidda kama.

Malamar Hausa:
Allah ya ja kwana, Baba, wannan ta shiga kunne. Bari in gwada ta a jimla, don kalmar da ba ta juyuwa ba ta daɗewa. "Na gama haɗi, saura fidda kama." "Wane ya iya fidda kama." "Wannan jirgin ba a fidda masa kama ba, yadda ya fito daga kwali aka bar shi." Duk sun tafi sumul. Ta kuma ɗauki ragi da ƙari gaba ɗaya, tunda ba ta ce ka sa ba, ba ta ce ka cire ba, sakamakon ta ambata. Na wuce-misalin nan kuwa, wato superdetailing, sai a ce "fidda kama filla-filla".

Amma zan kare zayyanata kaɗan. Ita kalma ɗaya ce, tana ba da "mai zayyana" da "zayyananne" ba tare da wahala ba. Inda ta gaza shi ne zayyanar bango daga kan magini take fitowa, ba wani bango yake kwaikwaya ba, kuma 'yan zamani sun riga sun ja ta zuwa wajen masu tsara hotuna a kwamfuta.

Wani daga Maraɗi:
Sannunku da hira. Mu nan samfurin kansa da sunan Faransanci muka san shi, maket, kuma na taɓa haɗa na kamfanin Heller na Faransa. A bakinmu "hidda kama" za ta fito, amma duk ɗaya ne, ba wanda zai ɓata. Tambayata ga Malama: a rubuce fa? Wanda ya ga "kama" zai iya karanta ta da kamun ɓarawo.

Malamar Hausa:
Gaskiyarka, ɗan'uwa. A baki karin sauti ya raba su, a rubutu kuwa ba ma sa alamar. Inda ake tsoron ruɗani, kamar a kanun rubutu, a sa "fidda kamanni". A cikin zance kuwa, in dai ana maganar jirgi da fenti, ba wanda zai zaci 'yan sanda.

Mai gyaran rediyo:
Na sallama. Amma akwai wasu 'yan faranta masu ruwan zinariya da na gani a hotunan masu wannan aiki, cike da ƙananan sassa kamar an yanka da reza. Su mene ne?

Mai tambaya:
Su ne Turawa ke kira photo-etch, ita ma tana bukatar suna da Hausa. Fallen tagulla ne ko farin ƙarfe, kaurinsa bai fi milimita 0.1 zuwa 0.2 ba. Ana shafa masa wani sinadari mai jin haske, a ɗora hoton sassan a haska, sannan a tsoma shi a ruwan da ke cinye duk inda ba a rufe ba. Kamfanin Eduard na ƙasar Cek ya yi fice a kansu. Da su ake yin ɗamarar kujera da allon agogunan matuƙi da ragar radiyeta. Gam ɗin roba ba ya kama su, domin shi narkar da roba yake ya haɗe ta, ƙarfe kuwa ba ruwansa, sai sufa gulu. Shi kuma in ya kusanci gilashin da ke rufe mazaunin matuƙi tururinsa ya bar farin hazo a ciki. Ga su da tsalle: ka matsa hantsaki da ƙarfi kaɗan, sai ka ji ƙyas, abin ya tafi, sai dai ka durƙusa kana laluben tabarma.

Mai gyaran rediyo:
Ashe sana'armu ce. Haka ake fitar da layukan jan ƙarfe a allon rediyo, a rufe inda ake so, ruwan ya ci saura. Ni "cin ruwa" zan ce, ko "yankan asid".

Malamar Hausa:
"Cin ruwa" zai tafi wajen zaizayar ƙasa ko kayan da damina ta lalata. "Yankan asid" ta fi tsayuwa, ko mai sinadari zai ce ba kowane ruwan ne asid na ainihi ba. Sassan kuma a ce "tagullar yankan asid", in an saba a taƙaita zuwa "tagulla" kawai.

Wani tela daga Zariya:
To wanda ba shi da kuɗin tagullar Turai fa, shi ba zai fidda kama ba ke nan?

Mai tambaya:
Zai fidda, Baba, da ma can da tarkace aka fara. Sandunan robar da sassan ke maƙale a jiki ba a zubar da su. Ka yanko guntu, ka riƙe shi sama da harshen kyandir kana juyawa, da ya yi laushi ya fara lanƙwasa sai ka janye shi daga wutar ka ja hannu biyu. Ja a hankali ya ba ka sanda mai ɗan kauri, ja da sauri ya ba ka zare, shi ne wayar eriya. Bututun birki mai kaurin milimita 6 a jirgin gaske, a 1/72 bai kai milimita 0.1 ba, don haka sili ɗaya daga cikin tsohuwar wayar caja ya wadatar. Ɗamarar kujera kuma takardar gwangwani ta cikin kwalin shayi ko tef ɗin masu fenti, a yanka siri-siri.

Mai gyaran rediyo:
In dai silin waya ne, ka zo shago da buhu. Malama, a rubuta mana: haɗi, ciko, fidda kama, yankan asid.

Malamar Hausa:
Na rubuta. Mai tambaya, ka fara amfani da su a bayaninka na gaba ba tare da ka sa Turancin a gefe ba, mu ga ko masu karatu za su tsaya tambaya.

Wani daga Maraɗi:
Kafin a tashi, akwai wanda suke yi bayan fenti, su sa wa jirgi baƙin hayaƙi a gefen salansa da zubar mai da ƙujewar fenti inda matuƙi ke takawa, ya koma kamar ya daɗe a bakin daga. Shi ma cikin fidda kama yake?

Mai tambaya:
A wajensu aiki ne daban, weathering suke ce masa. Ni "tsufarwa" ce ta fara zo mini, amma jirgin da ya yi wata ɗaya a hamada bai tsufa ba, wahala ya sha. Baba, ku me kuke cewa in sabuwar riga ta fara nuna an sa ta?