An ce ba ni da ƙwayar H. pylori amma olsa ta ƙi warkewa

Salam jama'a, don Allah masana lafiya ku taimaka min, wallahi na gaji.

Wata biyar kenan ina fama da zafi a ƙahon zuciya kamar an ɗora min garwashi, ya fi tsanani wajen ƙarfe 2 na dare, sai na tashi na ɗan sa wani abu a ciki sannan ya lafa. An zura min na'urar leƙa ciki a wani asibiti nan Kano, likita ya ga gyambo a farkon ƙaramin hanji, amma gwajin bahaya ya nuna babu ƙwayar H. pylori, wato ƙwayar cutar da ke jawo olsa. Ya tambaye ni ko ina shan maganin ciwon jiki, na ce e, diclofenac da ibuprofen nake saya a kemis saboda ciwon baya, ɗaukar dila a kasuwar Kwari ba wasa ba. Ya ce su ne suke cinye bangon ciki, tun ranar ban ƙara sha ba.

Na sha omeprazole, maganin rage asid ɗin ciki, sati 8 kullum kafin karin kumallo, na bar yaji, na bar goro da lemon kwalba, sigari dama ba na sha. Na ji sauƙi sosai, amma ina dainawa ko kwana goma ba a yi ba ciwon ya dawo.

Abin da ya tsaya min a rai, lokacin da aka yi gwajin ina cikin shan omeprazole ɗin, kuma daga baya na ji ana so a daina shi sati 2 kafin gwaji. Shin zai iya ɓoye ƙwayar har sakamako ya fito babu alhali tana nan?